Gas ɗin AC na Mota: A Kwashe Shi a Tukunya, Kada a Sake Shi a Iska

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga direbobin da ke kan hanya a wannan lokaci, Allah Ya kai ku lafiya. Gaisuwa ga makanikai da yaransu a rumfunan gareji, da masu sayar da kayan mota, da 'yan gwangwan masu yanka tsofaffin motoci. Ku matso kusa da rediyo, domin zancen yau ya shafi sana'arku kai tsaye, ya kuma shafi duk mai motar da ke da AC.

Da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, sai ka ga layi wurin masu gyaran AC. Kowa da magana ɗaya a bakinsa: "Oga, ba ta sanyi, a ƙara mini gas." To, wancan gas ɗin da aka ɗura bara, ina ya tafi? Wanda ake fesarwa kafin a kwance kwamfireso fa? Wanda ke cikin motar da aka kai gwangwan fa? Ƙasashen duniya sun yi dokoki a kan waɗannan tambayoyi, kuma ƙasashenmu suna cikin waɗanda suka ɗauki alkawari. Duk dokokin nan a kan magana ɗaya suka tsaya: gas ɗin AC kwashe shi ake yi a tukunya, ba a sakin sa a iska. Yau za mu ji dalili, mu ji yadda wasu ƙasashe suka ɗaure maganar da doka, sannan mu duba namu gida.

(Ɗan kiɗa)

Bari mu fara da abin da masu mota da yawa ba su sani ba. AC ba ta cin gas yadda inji ke cin fetur. Gas ɗin zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe. Kwamfireso ya matse shi, ya tura shi kwandansa da ke gaban lagireto, can ya huce ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta wata 'yar siririyar ƙofa ya faɗa cikin akwatin sanyi da ke bayan dashbod, ya koma gas, yana zuƙe zafin cikin mota. Fanka ta huro maka sanyin, shi kuma ya koma kwamfireso, a sake zagaye. Mota mai lafiya tana iya yin shekaru da gas ɗinta, ɗan abin da ke tsatsowa ta roba kaɗan ne. Saboda haka, Alhaji, idan kowane wata uku kana ƙara gas, motarka yoyo take yi. Ɗura gas a motar da ke yoyo zuba ruwa ne a kwando: kuɗinka sun tafi, gas ɗin kuma ya hau sama.

Gas iri uku ne suka fi yawa a motoci. Na farko R-12, wanda aka fi sani da Freon, shi ne a tsofaffin motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990. Na biyu R-134a, shi ne a mafi yawan motocin da ke titunanmu yau. Na uku R-1234yf, shi ne a sababbin motocin Turai da Amurka, waɗanda yanzu suka fara shigo mana ta Kwatano da Legas. Idan ka ɗaga bonet, za ka ga wata 'yar takarda manne a jikinsa ko kusa da lagireto. A nan kamfani ya rubuta irin gas ɗin motar, da nauyin da take ɗauka, da irin man kwamfireso. Ƙaramar mota takan ɗauki kusan rabin kilo zuwa abin da bai kai kilo ɗaya ba.

Wani zai ce, rabin kilo ne har za a kafa wa doka? Ku biyo ni ku ji.

A shekarar 1974, wasu masana kimiyya biyu a Amurka, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka yi gargaɗin cewa iyalin gas ɗin da R-12 ke cikinsu ba sa lalacewa a nan ƙasa. Sama suke hawa a hankali, har su kai wata shimfiɗar iska da ake kira ozon, wadda ke can tsakanin kilomita 15 zuwa 35 a samanmu. Wannan shimfiɗa ita Allah Ya sa ta tare mana mugun hasken rana, irin wanda ke jawo sankarar fata da yanar ido, ya kuma raunana amfanin gona. 'Yan uwanmu zabiya su suka fi kowa sanin illar wannan haske. Idan R-12 ya isa can, rana ta fasa shi, sai ya saki sinadarin kulorin, kuma ƙwayar kulorin guda tana iya rusa ƙwayoyin ozon har dubu ɗari. Da farko an yi ta musu. Amma a 1985 masu bincike 'yan Birtaniya da ke aiki a Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, suka tabbatar cewa ozon ɗin yankin ya yi mummunar zaizayewa. Ranar 16 ga Satumba, 1987, ƙasashe suka rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Montiriyal a ƙasar Kanada, domin daina ƙera irin wannan gas. Ƙasashe masu arziki suka daina a 1996, masu tasowa irin namu aka ba su zuwa 2010. Molina da Rowland kuwa suna cikin waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Nobel a 1995.

Kamfanonin mota sai suka koma R-134a. Shi ba ya taɓa ozon, amma yana da tasa matsalar, wato riƙe zafi a sararin samaniya. A lissafin da dokoki ke amfani da shi, kilo ɗaya na R-134a yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na hayaƙin kabon. Mu kawo lissafin kusa. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na wannan hayaƙi. Ke nan rabin kilon da yaro ya fesar a gareji cikin minti biyu ya yi daidai da ƙona fetur sama da lita 300. Shi R-12 ya ma fi muni nesa ba kusa ba, domin nasa lissafin 10,900 ne, kuma yakan yi kusan shekara ɗari a sama. Gas ɗin da aka saki lokacin da kakanmu ke tuƙi yana can har yanzu.

Mu mutanen Sahel ba sai an ba mu labarin zafi ba. A farkon Afrilun 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Gas ɗin AC ba shi kaɗai ke ɗumama duniya ba, amma yana cikin masu saurin magani, tunda abin da ake buƙata tukunya ce da inji da kula.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu sai dokoki. Mu fara da Amurka, inda da yawa daga cikin motocinmu na hannu suka fito. A 1990 majalisar ƙasar ta gyara dokarta ta tsabtace iska, ta ɗora wa hukumar kare muhalli, wato EPA, alhakin aiwatarwa. Hikimar wannan doka ita ce ba ta tsaya ga cewa "a kula da muhalli" ba. Bin gas ɗin ta yi hannu-hannu, duk wanda ya taɓa shi ta ɗora masa nasa nauyin.

Hannu na farko shi ne makaniki. Sashe na 609 ya ce duk wanda zai gyara AC ɗin mota don a biya shi, sai ya yi horo ya ci jarrabawa ya karɓi takardar shaida. Kuma sai garejin ya mallaki injin kwashe gas wanda hukuma ta amince da shi. Sashe na 608 kuwa ya haramta sakin gas da gangan. Haramcin ya hau kan R-12 daga 1 ga Yuli, 1992, ya hau kan R-134a daga 15 ga Nuwamba, 1995. Tarar da aka yanka a 1990 tana iya kaiwa dala 25,000 a kowace rana a kan kowane laifi, kuma tun daga lokacin ana ta ƙara ta.

Hannu na biyu shi ne mai sayarwa. Ba ya sayar da R-12 ga wanda ba shi da takardar shaida. Daga farkon 2018 aka faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da manyan tukwanen R-134a. Ƙananan gwangwanaye kaɗai aka bar wa mai mota ya saya da kansa, su ma sai masu bakin da ke rufe kansa idan an cire tiyo, don kada ragowar ta tsere.

Hannu na uku shi ne kamfanin ƙera mota da kayan aiki. Kowane irin gas da nasa bakin bawul, ta yadda tiyon wannan ba zai shiga bakin wancan ba. An yi haka ne da gangan don kada a gauraya.

Hannu na huɗu shi ne mai yanka mota. Doka ta ce wanda mota ta zo hannunsa a ƙarshe, kafin ya murƙushe ta ko ya yanka ta, dole ya kwashe gas ɗin. In kuwa an riga an kwashe, sai ya karɓi takarda mai sa hannu, ɗauke da sunan wanda ya kwashe da adireshinsa da ranar da aka yi, ya adana ta shekara uku.

To gas ɗin da aka kwashe, ina ake kai shi? Hanya uku ce. Idan mai kyau ne, injin gareji ya tace shi, ya raba shi da mai da laima, a mayar wa motar ko a zuba wa wata mota. Idan ya gurɓata, a aika shi masana'antar da ke da lasisin wanke shi har ya koma kamar sabo. Idan ya gauraya ta yadda ba ya rabuwa, a kai shi inda ake ƙona shi da wuta mai tsananin zafi a cikin na'ura ta musamman.

Tarayyar Turai ta ɓullo wa abin ta fuska biyu. A 2006 ta yi dokar da ta hana sa wa sababbin motoci gas ɗin da ƙarfin ɗumamarsa ya wuce 150, kuma daga 1 ga Janairu, 2017, dokar ta hau kan kowace sabuwar ƙaramar mota. Wannan ne ya kawo R-1234yf, wanda lissafinsa bai wuce 4 ba, kuma cikin kwanaki kaɗan yake lalacewa a iska. Tun kafin nan, a shekarar 2000, ta yi dokar motocin da suka gama aiki. Ba a yanka mota sai a wurin da ke da izini, kuma kafin a taɓa ƙarfenta sai an cire batir, an zuƙe fetur da baƙin mai da ruwan birki da gas ɗin AC, sannan a ba mai ita takardar shaidar rusawa.

Japan kuwa ta kama zancen daga aljihu. A ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a Janairun 2005, mai sayen sabuwar mota yana biyan kuɗin zubar da ita tun ranar saye, kuma cikin abubuwan da kuɗin ke ɗauka har da kwashe gas ɗin AC da lalata shi. Ranar da motar ta mutu, wanda ya kwashe gas ɗin ya san za a biya shi, don haka ba shi da dalilin fesarwa.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan dokokin riƙe gas ɗin AC na mota da zubar da shi. Mu dawo gida.

Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Montiriyal tun 1988. Akwai ofishin kula da ozon a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin kare shimfiɗar ozon, waɗanda suka taƙaita shigo da sinadarai masu lalata ta da sayar da su da sakin su. Shigo da gas ɗin sanyi sai da izini, kuma hukumar NAFDAC da jami'an kwastam suna da hannu a wannan aiki. Tunda wa'adin R-12 ya cika a 2010, duk wanda ya nuna maka sabuwar tukunya ya ce R-12 ce, ka san ko dai fasa-ƙwauri ne ko jabu.

Shi kuwa R-134a ta wata ƙofa ya shiga lissafi. Ranar 15 ga Oktoba, 2016, a birnin Kigali na Ruwanda, ƙasashe suka yi wa yarjejeniyar gyara, suka sa iyalin gas ɗinsa a cikin waɗanda za a rage. Mali ce ƙasar farko a duniya da ta amince da gyaran a hukumance, Najeriya da Nijar kuma suka amince a 2018. Jadawalin ƙasashen Afirka shi ne: a tsayar da ƙaruwa daga 2024, a rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, kashi 30 a 2035, rabi a 2040, kashi 80 a 2045. Oga mai gareji, ka ji wannan da kunnen ɗan kasuwa. Abin da ake shigowa da shi zai riƙa raguwa, motoci kuma suna ƙaruwa. Gas ɗin da kake fesarwa yau, nan gaba da tsada za ka neme shi.

Ga yadda abin yake a garejinmu da yawa. Mota ta zo za a canja kwamfireso. Oga ya ce wa yaro, "Sauke gas ɗin." Yaro ya ɗauki sukundireba, ya cire murfin bawul, ya danna 'yar allurar da ke ciki. Sai ka ji tsiiii, farin hazo ya taso, ɗigon mai ya fantsama a bonet da hannun riga. Yaron ya kau da fuska, yana yarfe yatsu saboda sanyi. Minti biyu an gama. Ba mugunta ce ta sa shi ba, haka ya ga ana yi, haka aka koya wa ogansa. Motocin sun ƙetaro teku sun iso mana, amma injin kwashe gas da horon da ke tafiya tare da su ba su iso yawancin garejinmu ba.

Ga kuma yadda aikin yake idan an yi shi bisa ƙa'ida. Makaniki ya sa tabarau da safar hannu. Ya karanta takardar bonet. Ya ɗaura shuɗin tiyo a bututu mai kauri, ja a siriri, ya kunna inji. Allurar geji ta riƙa sauka har ta kwanta, gas ɗin ya shige tukunyar da ke kan sikeli, a ga nauyin da ya fito. Sai a kwance abin da za a gyara. In an mayar, a matsa iskar naitirojin a ciki, a bi gaɓoɓi da ruwan sabulu ko fitilar gano yoyo, a ga ko kumfa zai tashi. Idan babu, a sa famfo ya zuƙe iska da laima, a ɗan jira a ga ko allura za ta motsa. Daga nan a auna gas da sikeli daidai da abin da kamfani ya rubuta, a ɗura. Wanda aka kwashe, in mai kyau ne, shi za a mayar, mai mota ya biya cikon kawai.

(Ɗan kiɗa)

Dokokin nan ba don sararin sama kaɗai aka yi su ba. Mutum na farko da suke karewa shi ne mai riƙe da tiyo.

R-134a yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili. Idan ruwansa ya taɓa fata, ƙuna yake yi irin ta sanyi. Idan ya shiga ido, yana iya makantarwa. Ya fi iska nauyi, don haka a ramin gareji ko rufaffen shago yakan kwanta ƙasa ya kore iskar numfashi. Idan ya haɗu da harshen wuta, na walda ko na sigari, yakan rikiɗe ya zama hayaƙi mai guba da ke cin huhu. R-12 ma har yana iya fitar da fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. 'Yan gwangwan da masu walda, wannan taku ce: kada a sa wuta a gaban mota sai an tabbatar babu gas a bututunta. Shi kuma sabon R-1234yf yana ɗan kama wuta, shi ya sa yake da injinsa daban da bakin bawul daban. Kada a yi dabarar sauya masa baki a ɗura wani gas.

Kada a gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda, domin oksijin da man kwamfireso idan suka haɗu a matse suna fashewa. Kada a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin ɗari, kada a bar ta a rana ko a but ɗin mota da tsakar bazara. Tukunyar da aka yi don amfani sau ɗaya ba a sake ɗura mata. Tarayyar Turai ma ta hana sayar da irinta tun 2007, saboda kullum ana jefar da ita da ragowar gas a ciki.

Sai babbar magana, gas na jabu da gas na dabara. Wasu kan zuba R-22, na AC ɗin ɗaki, a mota. Ƙarfin matsinsa ya fi na mota, yana kashe kwamfireso yana fasa tiyo, kuma shi ma yana lalata ozon. Wasu har gas ɗin girki suke ɗurawa don araha. Ka tuna akwatin sanyi a cikin mota yake, gaban gwiwar matarka da 'ya'yanka. In ya yi yoyo, tartsatsi ɗaya ya isa. Dokar Amurka ta hana zuba irin wannan gas a AC ɗin mota. A 2011 kuma, wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Burazil, mutum uku suka rasu. Bincike ya nuna an ɗura musu jabun R-134a da aka gauraya da wani sinadari mai suna R-40, wanda ke cin alminiyam ɗin cikin kwamfireso ya haifar da abin da ke kama wuta da ya sha iska. Kwamfireson motarka ma akwai alminiyam a cikinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ka sayi gas wurin dilan da aka sani, mai tukunya da lambar kamfani da rasit.

(Ɗan kiɗa)

Na san abin da wani oga ke faɗa yanzu a ransa: "Malam, injin nan da tsada, ni da nake neman na cefane." Gaskiya ne, kuma ba za mu raina wannan magana ba. Amma ba dole kowane gareji ya mallaki nasa ba. Makanikai suna da ƙungiyoyi, akwai NATA ta masu gyaran mota, akwai NARAP ta masu gyaran firji da AC. Reshe guda zai iya haɗa kuɗi, ko ta adashi, ya sayi inji ɗaya da na'urar tantance gas, a ajiye a hannun amintacce, kowa ya biya ɗan abin haya. A manyan kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, matashi ɗaya mai horo da inji zai iya mayar da kwashe gas sana'arsa, yana bin motocin da za a yanka. Kuma tun farkon shekarun 1990 akwai asusu na musamman a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montiriyal da ke taimaka wa ƙasashe masu tasowa da horo da kayan aiki. Shugabannin ƙungiyoyi su je ofishin ozon su nemi a sa masu gyaran AC ɗin mota a cikin shirye-shiryen horo. Haƙƙinsu ne su nema.

Ga hukumomi kuma, kiranmu shi ne a kai doka inda aikin yake. A fassara ƙa'idojin cikin Hausa da sauran harsunanmu, a kai su gareji. A fara da horo da takardar shaida da wurin da makaniki zai kai gurɓataccen gas, sannan a zo maganar tara. Mutumin da ya tara gas a tukunya bai san inda zai kai ba, ƙarshenta buɗe ta zai yi.

Kai kuma mai mota, Alhaji, Hajiya, malam direba, ƙarfin da ke hannunku ya fi yadda kuke zato. Ku tambayi abu huɗu kafin a taɓa AC ɗinku. Wane gas motata take ɗauka, kuma shi za ka zuba? Ka nemo inda take yoyo? Wanda ke ciki kwashewa za ka yi ko fesarwa? Da sikeli za ka auna? Makanikin da ya ga masu mota suna wannan tambaya, suna kuma komawa wurin wanda ke da amsa, da kansa zai nemi inji. Kuma idan ya ce a gyara yoyo tukuna, kada ku ce masa "ɗura kawai, sauri nake yi." Ku ba shi lokaci, ku biya shi ladan aikinsa.

Wannan ƙoƙari yana haifar da ɗa mai ido. Rahoton masana da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a farkon 2023 ya nuna shimfiɗar ozon tana farfaɗowa, kuma in aka ci gaba a haka, za ta koma yadda take a 1980 a yawancin duniya wajen 2040, a saman Antaktika kuma wajen 2066. Gyaran Kigali, in an cika shi, ana sa ran zai rage wa duniya ɗumamar da ta kai kusan rabin digiri kafin ƙarshen wannan ƙarni. Shugabanni ne suka sa hannu, amma makanikai ne a garejoji suka cika alkawarin, mota bayan mota. Namu makanikan ba su gaza kowa basira ba. Su da ke tayar da injin da wasu suka yanke wa ƙauna, riƙe gas a tukunya ba zai gagare su ba, in an ba su horo da kayan aiki.

Oga, yaran da ke ƙarƙashinka amana ne, kuma abin da suka ga hannunka yana yi shi za su yi shekara talatin masu zuwa. Ka fara daga gobe da abin da ba ya buƙatar jari mai yawa: tabarau da safar hannu ga yaro, neman yoyo kafin ɗuri, da daina gauraya gas. Ka kai maganar inji taron ƙungiya na gaba.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba, musamman makanikinka da direbanka. Allah Ya tsare mu a hanya da wurin sana'a, Ya sa albarka a neman kowa. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)